Mutum uku sun rasu da ciwon daji a layi ɗaya: a yi wa gidajen feshi?

Wani mai unguwa daga yankin Rigasa a jihar Kaduna ne ya aiko da tambayar. Ya ce cikin shekara biyu an yi rashin mutum uku a layi ɗaya, duka aka ce ciwon daji ne: wata dattijuwa mai ciwon nono, da wani magidanci matashi da cikinsa ya kumbura idonsa ya yi ɗorawa, da wata uwar 'ya'ya da ta daɗe tana zubar da jini. Jama'a sun tsorata, sun matsa masa ya rubuta wa ƙaramar hukuma a zo a yi feshi kamar yadda aka yi lokacin amai da gudawa. Yana so ya ji ko feshin zai yi amfani, da kuma dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya ke rugowa idan an ce kwalara, amma a wannan karon ba wanda ya leƙo.

Ranka ya daɗe, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri, kai kuma ya taya ka riƙo.

Kada a yi feshin. Ciwon daji ba ya bin iska, ba ya maƙalewa a bango ko katifa ko bakin moɗa. Wadda ta yi jinyar dattijuwar nan, ta wanke mata miki, ta ci tuwo kwano ɗaya da ita, ba za ta ɗauka ba, haka waɗanda suka yi mata wanka da sutura. Abin da feshin zai haifar daban ne. Ranar da aka ga ma'aikata rufe da hanci sun shiga gidajen nan uku da tanki a baya, an yi musu tambari ke nan. Mai ƙosan gidan za ta rasa ciniki, 'yan matan gidan a fara yi musu kallon-kallo, kuma mafi muni, matar da za ta ji ƙullutu a nononta nan gaba za ta ja bakinta ta yi shiru don kada a zo gidanta. Shirun nan shi yake kashe mana mata.

Sai dai tsoron mutanenka ba shirme ba ne. Sun ga mutuwa ta jeru, sun ce lallai akwai abin da ke yawo. Akwai shi kuwa, amma ba a inda suke nema ba, zan zo kansa.

Batun rugowa lokacin kwalara kuwa, sauri ne ya bambanta su. Kwalara tana iya kayar da ƙato da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma ƙwayarta tana fita a bayan gidan mai ciwo ta koma ruwan shan maƙwabci. Duk yinin da aka yi jinkiri, wasu gidaje sun kamu. A 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Kaduna na cikin jihohin da ta taɓa, alhali idan aka samu ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa a kan kari, ko mutum ɗaya cikin 100 ba ya mutuwa. Shi ya sa kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 23 na jihar nan take da jami'in sa-ido kan cututtuka, wanda ƙa'ida ta ce a sanar da shi cikin awa 24, shi kuma ya ɗebi samfur ya kai rahoto jiha, daga nan sai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja. Haka ake yi da sanƙarau da ƙyanda da zazzaɓin Lassa, haka aka yi da mashaƙo ya ɓulla a Kafanchan a 2023. Ciwon daji ba ya cikin cututtukan da ake kai rahotonsu na gaggawa, don ba ya tsallakawa gidan maƙwabci. Akwai kuma wata gaskiyar da ma'aikata ba su cika faɗa ba: yawancin tsarin bi gida-gida da ka saba gani da kuɗin yaƙi da shan inna aka gina shi, yaƙin da aka ci har aka tabbatar wa Najeriya ta rabu da ainihin cutar a watan Agustan 2020. Ciwon daji bai taɓa samun uban gida irin wannan ba.

Ko a kwalarar ma, feshin da jama'a ke gani su ji hankalinsu ya kwanta shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin aikin. Kafin mai feshi ya iso an yi kwana biyu ko uku, wanda zai kamu ya kamu, kuma bangon da ake fesawa ba shi mutane ke sha ba. Aikin gaskiya a bokiti yake, kuma tunda ka tambaya, gara ka san shi don damina tana zuwa kowace shekara.

Na sha shiga gidan da ake jinyar mai gudawa in tarar an zuba murfi ɗaya na maganin nan mai ƙamshi a cikin bokitin ruwa, an yayyafa a tsakar ɗaki, ƙamshi ya cika ko'ina, amma ga aman nan a gefen tabarma, ga tsumman da aka goge shi an rataye a bakin randa, ga yarinya ta tsoma moɗa har wuyan hannu ta ɗebo wa baƙo ruwa. Uwar gida ta yi iyakar ƙoƙarinta, ba wanda ya taɓa nuna mata. Ƙa'idar farko ita ce wanki kafin magani: a kwashe ƙazantar, a wanke wurin da sabulu, sannan a sa kulorin, wato sinadarin da ke cikin bilic, domin ƙazanta tana cinye ƙarfinsa. Ta biyu awo. Ruwan bilic na kanti, irin su Hypo da Jik, yawanci za ka ga an rubuta 3.5 cikin 100 a jikinsa. Gwangwani 1 nasa a cikin gwangwani 6 na ruwa yana ba da mai ƙarfin 0.5, wanda ake goge wurin da jini ya zuba da shi. Idan aka ɗebi gwangwani 1 na wannan haɗin aka ƙara masa 9 na ruwa, an samu mai ƙarfin 0.05, na wanke hannu da jiƙa zannuwa da kwanukan mai ciwo. Aman mai kwalara da bayan gidansa suna buƙatar mai ƙarfi sosai, 2 cikin 100, wato gwangwani 4 na bilic da 3 na ruwa, kuma da shi ake goge gawar wanda kwalara ta kashe, masu wankan su sa safar hannu, kada su shiga girkin zaman makoki. Ta uku lokaci: a bar shi ya yi minti 10 a jiƙe kafin a ɗauraye. Haɗin jiya ba ya aiki yau, rana tana kashe shi, kuma kada a kuskura a gauraya shi da ruwan wanke masai mai asid, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum.

Ruwan sha kuma nasa daban. Littafi ya ce a bar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Kai ka fi ni sanin yadda aka yanka filaye a Rigasa. Fili mai ƙafa 50 faɗinsa kimanin mita 15 ne kawai, kuma in ka nisanta rijiyarka da masanka, na maƙwabcinka yana bayan katanga. Don haka a unguwa irin taka ba a dogara da zurfin rijiya ko hasken ruwan jarkar ɗan garuwa. Ko a tafasa, ko a sa ƙwayar kulorin bisa awon da ke jikin takardarta a jira minti 30, idan ruwan ya yi gurɓi a fara kwantar da shi da alif a tace. Sannan a zuba a mazubi mai ƙaramin baki ko mai famfo wanda hannu ba ya shiga.

To, mu koma kan mamatan uku. Da an kira mu bincike, abin da za mu fara tambaya shi ne: ciwo iri ɗaya ne? Sunan daji ɗaya ne, amma cututtuka ne fiye da 100, kowanne da sanadinsa. A nan ga nono, ga hanta, ga bakin mahaifa, a mutane masu shekaru daban-daban. Waɗannan suna cikin waɗanda suka fi yawa a ƙasar nan, tare da na furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da na hanji. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya ce kimanin mutum 127,000 ke kamuwa a Najeriya a shekara, kusan 80,000 ke rasuwa. A wuri mai cunkoso irin naka, uku cikin shekara biyu abin baƙin ciki ne, amma ba alamar annoba ba ce. Abin da zai ɗaga hankalin mai bincike shi ne a ga ciwo iri ɗaya wanda ba a saba gani ba ya jeru, ko a ƙananan yara, ko a mutanen da suke sana'a ɗaya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: dajin ba a ɗaukarsa, amma biyu daga cikin ukun nan daga ƙwayar cuta suke somawa, ita kuwa ana ɗauka. A duniya kimanin kashi 13 cikin 100 na ciwon daji daga ƙwayoyin cuta yake, a Afirka kudu da Sahara kuwa ya kai wajen kashi 30. Ashe mai allurar rigakafi da duba-gari suna cikin masu yaƙi da daji, ko da ba su da labari.

Magidancin nan shi ya fi tsaya mini a rai. Takardun asibitinsa ne za su tabbatar, amma matashi mai kumburin ciki da shawara da rama cikin 'yan watanni, a ƙasar nan abin da aka fi zargi shi ne dajin hanta, kuma mafi yawansa daga ciwon hanta nau'in B yake. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kimanin 8 cikin kowane baligi 100 a Najeriya suna ɗauke da wannan ƙwaya, akasarinsu garau suke yawo ba su sani ba. Shekarun kamuwa su ke yanke hukunci. Babban mutum idan ya kamu, jikinsa yakan kore ta, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zame wa ta dindindin. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, 9 cikin 10 za su zauna da ita. Sai ta yi shekara 20 ko 30 tana cin hanta shiru, ranar da mutum ya yi aure ya fara tara iyali ta bayyana. Shi ya sa dajin hanta a wajenmu yake ɗauke masu ƙarfi a jika. Hanyarta jini ce da haihuwa da saduwar aure. Ba a ɗaukarta a musafaha ko zufa ko cin abinci tare, ka faɗa wa mutanenka wannan da babbar murya, don an raba aure a kan jahilcinsa.

Gidan mamacin nan lallai yana buƙatar ma'aikacin lafiya, amma mai kayan gwajin jini. A gwada matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa da 'yan ɗakinsu. Wanda ba shi da ita a yi masa allurar rigakafi sau uku ya huta. Wanda aka same shi da ita a tura shi wajen likitan hanta a asibitin Barau Dikko ko na Shika, a duba ko yana cikin masu buƙatar magani, don ba kowa ba ne. Akwai ƙwayar magani da ake sha kullum wadda ke danne cutar ta rage haɗarin daji sosai, tare da hoton ciki duk wata 6. Ya nisanci jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da lasifika a bakin kasuwa, hantar da ta gaji ba ta son ƙarin kaya.

Ga inda sarautarka za ta yi aikin da likita ba zai iya ba. Allurar farko ta ciwon hanta ana so jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa, sauran suna cikin allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar ta sati 6 da 10 da 14. Kyauta ne. Matsalar ita ce matanmu da yawa a gida suke haihuwa, jego kuma ba a fita, sai a ce bari a yi suna tukuna, wasu ma sai arba'in. Kafin nan wanzami ya riga mai allura zuwa. Ka tuna safiyar suna: ya zauna a zaure ya buɗe zabira, ya fiddo aska ya wasa ta a fata, ya aske kan jariri, wataƙila an riga an cire beli tun kwana uku, in da tsaga a yi, ya goge askar a tsumma ya mayar, ya wuce gidan suna na gaba. Ƙwayar ciwon hanta tana iya yin sati guda da rai a busasshen jinin da ido ba ya gani. Goge ƙarfe da tsumma ko ɗan lasa masa wutar ashana ba ya isa. Ba na cikin masu zagin wanzamai, sana'a ce ta gado mai mutunci, kuma na ga yadda suke karɓar gyara idan aka bi ta hannun manyansu. Ka kira Sarkin Aska ku zauna. Sabuwar reza ga kowane kai, a ɓare ta a gaban uban yaro. Abin da ba a yarwa, a wanke shi da sabulu da buroshi, a tafasa minti 20 daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. Masu ƙaho su koma kofunan roba na mutum ɗaya. Masu yankan farce da shagunan aski duk maganar ɗaya ce, kuma wanda yake da hali ya riƙa zuwa da injinsa. Ungozoma kuwa a roƙe ta abu ɗaya, duk haihuwar da ta karɓa ta sanar a ranar, uban ya ɗauki jaririn ko a kira ma'aikaciya, ba sai mai jego ta fita ba.

Hanta tana da maƙiyi na biyu, shi kuma a buhu yake. Masara da gyaɗar da ba su bushe sosai ba, ko suka sha danshi a ajiya, suna yin fumfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin. Jihar nan gidan masara ce, daga Saminaka har Giwa da Soba, don haka maganar tamu ce. Dafuwa ba ta kashe gubar, suya ma haka, kuma gyaɗar da aka tsince aka ware don ta lalace sau da yawa ita ke komawa ƙuli-ƙuli mai araha. Idan gubar ta haɗu da ciwon hanta nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin daji yana ninkuwa sau da yawa. A shanya a kan tamfol, a tabbatar ya bushe ƙayau kafin a ɗure, a ɗora buhu a kan katako, a zubar da ƙwayar da ta canza launi. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage gubar tun daga tushe. Shanya a kan tamfol da rufe hatsi suna kuma raba abinci da ɓeran da ke kawo Lassa, riba biyu ke nan. Tsargiya ma kada a raina ta: yaron da ke wanka a kududdufi yana fitsarin jini, idan aka bar shi shekaru, tana iya zama dajin mafitsara, ga maganinta ana rabawa a makarantu.

Uwar 'ya'yan da ta yi ta zubar da jini kuwa, siffar dajin bakin mahaifa ce. Kusan dukkansa daga ƙwayar cuta mai suna HPV yake, nau'i biyu nata kawai ke jawo kashi 70 cikin 100. Ana samunta ta saduwa, kuma ta yawaita har yawancin ma'aurata sun taɓa haɗuwa da ita jikinsu ya kore ta ba su sani ba. Saboda haka ba shaidar lalata ba ce, macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, kada a bari a ɓata sunan baiwar Allah a kabarinta. Ga wadda ƙwayar ta zauna mata, yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji, tsawon lokacin da za a iya tare ta sau da dama. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu a Najeriya, 8,000 suka rasu. Wannan mutuwar ita ta fi ba ni takaici, don mun san maganinta.

Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoban 2023, ta iso Kaduna a zagaye na biyu a watan Mayun 2024. Allura ɗaya ce, kyauta, an fara ta da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Na san abin da ake faɗa a majalisa, wai ta hana haihuwa ce, don me sai mata. Irin maganar da aka yi wa ɗigon shan inna ce a 2003, yaran da aka ɗiga wa a lokacin yau ga su da goyo. Tun 2006 ake yin wannan allura a duniya. An fara da mata ne don su ke da mahaifar da za ta kamu, an zaɓi ƙananan shekaru don tana aiki ne idan ta riga ƙwayar shiga. Iyayensu mata kuma, musamman daga shekara 30 zuwa 49, gwaji suke buƙata. Ma'aikaciya mace ce za ta shafa ruwan khal, wato binega, a bakin mahaifa, cikin minti ɗaya wurin da ya fara canzawa zai yi fari, a kashe shi da ɗan ƙarfe mai zafi, mace ta koma gida da ƙafarta a ranar. Alamun da ba a zama da su: jini bayan saduwa, jini bayan al'ada ta ɗauke, ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. Yawancin matan nan sukan yi shekara suna shan maganin sanyi daga kemis, ko su aika a tambayi malam hukuncin sallarsu. Ka roƙi limamai da malaman Islamiyya, duk wadda ta kawo tambayar jinin istihala, a ba ta fatawarta, a kuma ce mata ta je a duba ta.

Dajin nono ba shi da allurar rigakafi, kuma shi ya fi kowanne yawa. Abin da ke hannunmu shi ne lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so daga ranar da mace ta kai kukanta asibiti zuwa ranar da aka tabbatar da ciwon kada a wuce kwana 60. A nan kuwa sai an gama shafe-shafe da turare da sakiya, nono ya fashe, sannan a ɗauko ta. Maganar da ke riƙe mutane ita ce wai daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Na fahimci inda ta samo asali. An kai mace bayan ciwon ya riga ya kai huhu da ƙashi, an yi aiki, ta rasu, sai a ce aikin ne. Waɗanda aka yi wa da wuri suka warke ba sa shela, suna nan cikin jama'a da mayafinsu ba wanda ya sani. Yawancin ƙullutu ma ba daji ba ne, amma hannu ba ya bambancewa, sai hoto da ɗan naman da ake ɗiba a gwada. Hanyar ita ce asibitin mazaɓa, daga nan babban asibiti irin Yusuf Ɗantsoho ko Gwamna Awan, sannan Barau Dikko ko asibitin koyarwa na Shika, inda sashen masu daji da na gasa ciwon da na'ura yake. Maganar ta maza ce kuma, tunda izini da kuɗin mota a hannunsu suke.

Akwai dalili na ƙarshe da ya sa ba a leƙo ku ba: a takarda, mutuwar nan uku wataƙila ba ta faru ba. Mukan yi jana'iza cikin sa'o'i, kuma daidai ne, amma da wuya a je hukumar ƙidaya a yi rajistar mutuwa, balle a rubuta sanadi. Wanda aka sallamo daga asibiti aka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, ya fita daga lissafi. Alƙaluman da na ba ka ma ƙiyasi ne da aka gina a kan rajistocin wurare kaɗan irin su Ibadan da Abuja. Mai kasafin kuɗi kuwa abin da ya gani a rubuce yake ware wa kuɗi. Kamar yadda aka riƙa neman masu unguwa su rubuta jariran da aka haifa don rigakafi, ka buɗe littafi na mamata: namiji ko mace, shekaru, tsawon jinya, alamun da aka gani, an je asibiti ko ba a je ba, me likita ya ce. Ba sai da suna ba, kuma a bari a share makoki kafin a tambaya. Duk wata uku ka kai wa shugaban asibitin mazaɓarka a zaman kwamitin lafiya. Jihar nan tana da mazaɓu 255, da kowace tana da irin wannan littafi da hukumar lafiya a matakin farko ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.

Takardar da aka matsa maka ka rubuta, rubuta ta, amma ka canza buƙata. Ka nemi a zo a yi gwajin ciwon hanta, a kawo allurar HPV Islamiyyun unguwa bayan an zauna da iyaye, a sa ranar gwajin bakin mahaifa da duba nono, a turo duba-gari ya zagaya rijiyoyi da wuraren da 'yan garuwa ke ɗiban ruwa.

Wuri ɗaya ne tsabtar kashe ƙwayoyi ta shafi gidan mai ciwon daji, kuma don kare shi ne daga gare mu. Wanda ake yi wa allurar maganin daji garkuwar jikinsa tana faɗuwa, musamman sati na biyu bayan kowace allura, murar da ba ta kayar da kai ba tana iya kashe shi. Masu dubiya su wanke hannu da sabulu, mai tari ya yi gaisuwa daga ƙofa, ruwansa a tafasa, abincinsa da zafi. Idan jikinsa ya yi zafi ya kai 38 a ma'auni, a kai shi asibiti a daren, kada a ba shi farasitamol a jira gari ya waye. Mikin da ya fashe kuma kada a sa masa bilic ko maganin wanke ɗaki, yana ƙona nama. A wanke da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri da ya huce, a nemi ma'aikacin jinya ya nuna yadda ake barbaɗa garin Flagyl don kashe wari. Raɗaɗi ma yana da magani, akwai ruwan mofin na sha da likitocin manyan asibitoci ke rubutawa, kuma dangi suna da haƙƙin su tambaya ko da an ce ciwon ya wuce aiki.